Sulen Dalma a Kasuwar Tamale

Mun tashi daga Salaga da asuba, ana idar da salla, ni da abokin aikina da muke koyarwa a makaranta ɗaya. Takarda ce ta zo daga Tamale, wai an tara malamai lokacin hutu, ana so in nuna musu yadda nake koya wa yara sha'anin kuɗi. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Kasuwa nake kafawa a cikin aji: gwangwanayen madara da babu komai a ciki, sabulu da goro na yumɓu waɗanda yaran suka gina da hannunsu, mudu, da ɗan ma'auni. Wannan ya zama mai tebur, wancan mai saye, a yi ciniki, a ba da canji, a ga wanda ya ci riba da wanda ya cinye uwar kuɗinsa. Kuɗinmu kuwa murafen kwalba ne.

Murafen nan su suka ba ni kunya. Na ce yaya zan tsaya gaban manyan malamai ina kaɗa murafen kwalba? Sai na je wurin maƙerin farfaru na unguwarmu, mai yi wa mata warwaro, na ba shi sule na gaske, na ce ya zuba mini masu kama da shi. Shi ma mutum ne mai son a yaba aikinsa. Ya danna sulen a yumɓu, ya zuba dalma, ya san yadda ya yi ya ba su launi. Har kan Sarkin Turawa da bishiyar kwakwa da ke jikin sule suka fito ras. Guda sittin ya cika mini 'yar jaka, ni kuwa baki har kunne.

Motar da muka shiga ta katako ce, an cusa mu tare da doya da busasshen kifi. Damina ta yi nisa, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka mu tura. Tsakanin gonakin doya da itatuwan kaɗanya na kasa haƙuri, na zaro sulalla biyu na nuna wa abokina. Ya juya su, fuskarsa ta canja, ya ce a hankali in mayar da su kada wani ya gani. Na yi masa dariya, na ce tsoronsa ya yi yawa. Akwatin kayan koyarwata, inda jakar take, na riga na tura shi ƙarƙashin benci, sai na jefa su cikin aljihun rigata, inda kuɗin guzurina suke.

Mun shiga Tamale wajen azahar. Gari ne mai faɗi, kekuna ta ko'ina, Dagombawa cikin rigunansu na saƙi masu baza, makaɗa da kalangu a hammata suna bin masu hannu da shuni. Masaukinmu yana unguwar Nyohini wurin dangin abokina, amma yunwa ta ce mu fara ratsawa ta kasuwa. Muka zauna wurin wata dattijuwa mai wasawasa, wato dambun garin doya da manja da yaji. Kwano ɗaya taro ne, wato kwabo uku, kuma ya ci kuɗinsa. Na lura da wani faffaɗan dutse kusa da ƙafarta. Duk kuɗin da aka ba ta sai ta sake shi a kai ta saurara. Na ma yi niyyar zolayarta a kan haka.

Na sa hannu a aljihu na miƙa mata sule. Ta sake shi a kan dutsen. Ya faɗi ɗif, kamar an jefa ƙwallon laka. Ta ɗauka ta ciza, shaidar haƙorinta ta fito a jikinsa. Kafin in buɗe baki ta damƙe hannun rigata.

"Afa," in ji ta, haka suke kiran malami, "wannan kuɗi bai yi kuka ba."

Nan na ƙara wauta a kan wauta. Na zaro kuɗi na gaske ina tura mata, ina cewa ta riƙe duka. Ga wanda yake kallo, toshiyar baki ce kawai. Ashe an jima ana cutar matan kasuwar da jabun kuɗi, suna cike fam. Nan da nan aka kewaye ni, ana magana da Dagbanci, ba na ji amma na san ba addu'a ake mini ba. Ɗan sanda mai jar dara ya ratso, ya buɗe akwatina, ya zazzage jakar a ƙasa. Sauran sulallan suka watse a gaban kowa. Na waiwaya neman abokina, babu shi babu dalilinsa, kuma takardar gayyatar tana aljihunsa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A caji ofis aka cire mini hula da takalma. Sajen tsoho ne, Hausarsa tsaf. Ya ce ya ga an ɗaure mutum shekaru a kan abin da bai kai rabin wannan ba, kuma in Baturen 'yan sanda ya zo da la'asar ya sa hannu, sai kotu. Ya tambayi wanda ya zuba su. Na ce ni na sa aka yi, laifin nawa ne. Na yi bayanin aji da kasuwar yara, ya ce kowa da irin labarin da yake kawowa. Ina zaune a ƙasa ina tunanin mahaifiyata, da ranar da za a ce a Salaga malamin da ke koya wa 'ya'yansu kuɗi an kama shi da na jabu. Tsoro na ji ƙwarai.

Dattijuwar tana kan benci a matsayin mai ƙara, ta bar tukunyarta a kasuwa, sai huci take yi. Ɗan sandan ya ci gaba da fito da sauran kayan akwatin yana jerawa. Ta miƙa hannu ta ɗauki goron yumɓu, ta jujjuya, ta shinshina sabulun, ta leƙa cikin gwangwani. Ta tambayi saje mene ne aka rubuta a jiki, ya ce mata farashi ne, da rubutun yara. Ta ci gaba da riƙe goron a hannunta.

Baturen ya iso ana kiran la'asar. Bai gama zama ba sai ga abokina jiƙe da gumi, a kan keken aro, ya goyo shugaban taron malaman, wani dattijo daga kudu. Ashe can ya ruga. Baturen ya karanta takardar, ya dubi sulallan, ya ce takarda ba ta ce a ƙera kuɗin Sarki ba. Sannan ya sa saje ya tambayi matar ko tana nan a kan ƙararta. Ta daɗe tana kallona.

"Wannan ba ɓarawo ba ne," ta ce wa saje. "Wawa ne kawai. Ya biya abincina da ya huce, ya tafi."

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Aka daddake sulallan da guduma a gabana, aka ce in na koma a fasa yumɓun da aka zuba su a gaban 'yan sandan Salaga. Saje ya miƙo mini hulata, da sule ɗaya da guduma ta baje, ya ce in riƙe don tunawa.

Washegari ga taro, ga ni babu kuɗin koyarwa. Da sassafe na koma kasuwa na durƙusa, na kira ta uwa da yarensu, na ce, "Mma, ki taimake ni ki zo da dutsenki." Ta ja aji sosai kafin ta yarda. A gaban malamai ta saki sule mai kyau a kan dutsen, ta saki na dalmar da saje ya ba ni, kowa ya ji bambanci. Sannan ta nuna ƙulli uku a bakin zanenta. Ɗaya na sayen garin gobe, ba ta kwance shi ko wa ya mutu. Ɗaya na cefanen gida, ɗaya na adashi. Malamai suka duƙufa suna rubutawa. Ma'aunina da nake taƙama da shi ko kallo bai samu ba.

Mun dawo Salaga bayan kwana biyu. Maƙerin bai damu da zamana a caji ofis ba, abin da ya dame shi wai mai wasawasa ce ta gane aikinsa, kuma da kunne. Muka fasa yumɓun kamar yadda aka ce.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Na tafi in burge mutane da kuɗi masu kyan gani, na manta yarana ba abin da ya yi kama da kuɗi suke bukata ba, sanin na gaske da yadda ake riƙe shi suke bukata. Yanzu murafen kwalba sun dawo aji, tare da faffaɗan dutse da ƙyalle mai ƙulli uku. Sulen nan da saje ya ba ni ma yana aiki. Duk ranar da na sake shi a kan dutsen ya faɗi ɗif, yara su yi ta dariya, ni kuwa har yau sai gabana ya faɗi.