Abin da Inna ta hana rabawa

Jiya ƙamshin suyar gyaɗa ya tuna min da surukata, Inna, wadda ta rasu bara a Gulma. A gidanta ko loma ɗaya ce sai an raba. Amma da tamowa ta kama ɗiyata Hadiza, muka karɓo mata kwaɓin gyaɗa na asibiti daga Argungu, ina fara lakata wa yayyenta sai Inna ta cafke hannuna.

"Ke! Wanga magani ne. Kin taɓa ganin an raba allura?"

Ta ɗora Hadiza a cinya tana ba ta kaɗan-kaɗan, yayyen kuma ta toshe musu baki da ƙuli-ƙuli. Yau Hadiza da gudu take zuwa makaranta.

Inna, Allah Ya ba ki naki rabon cikakke a Aljanna.