Kazar da na yi sadaka da ita a tsakiyar teku

Shekara huɗu da suka wuce ni mutum ne mai ji da kansa. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani a tsakiyar birnin Greensboro na Amurka, na sayi gida a Summerfield da ke kusa da birnin, matata ta haifa mana ɗa na biyu, sannan na ɗauko wata sabuwar ɗabi'a da 'yan uwa a masallaci suke tsokanata a kanta, wato nutso a ruwa da tukunyar iska a baya. Ni da na tashi a garin da babban ruwansa kududdufin bayan kasuwa ne. Wani abokin aikina Bature ya koya mini, kuma abin ya shiga raina fiye da kima. Na rubuto muku ne saboda wani bawan Allah ya rasa aikinsa a dalilina, kuma har yau na kasa gane sunan da zan kira abin da na yi.

Abokin nan nawa shi ya kawo maganar wani tsibiri da ke can tsakiyar teku, tsohon dutse ne mai aman wuta wanda ya daɗe da mutuwa. Babu gari a kansa, babu kasuwa, sai masu gadi da gwamnatin ƙasar ta ajiye, domin an killace wurin gaba ɗaya. Mutane suna zuwa ne don su nutsa su ga kifin shak, manyan kifayen nan masu haƙora da ake cewa suna cin mutum. Ana kwana a jirgin ruwa, a yini ana shiga teku. Na ce ina ciki tun kafin ya gama bayani.

A lokacin mahaifiyata tana gidana, ta zo taya matata jego. Da na yi mata bayanin tafiyar ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko wani ne ya aike ni wurin kifayen, ko bashi nake bin su. Da ta ga ba zan fasa ba, sai ta ce sharaɗinta ɗaya ne: kada ƙafata ta taɓa ruwan nan sai na yi sadakar nama. Ita Hajiya a wurinta babu abin da ke tare wa mutum bala'i kamar sadaka. Tun da ta zo Amurka babban ƙorafinta shi ne babu mai ƙwanƙwasa ƙofa a ba shi abinci, don haka kullum da safe take watsa shinkafa a baranda tsuntsaye su ci, tana cewa su ma bayin Allah ne, cikinsu yana jin yunwa. Na yi mata alkawari, na kuma manta da shi a hidimar shirya kaya.

Kwana ɗaya da rabi muka yi a jirgi kafin mu hango tsibirin, baƙin dutse tsaye a cikin ruwa, tsuntsaye sun rufe shi. Tun a hanya aka tara mu aka karanta mana dokoki: ba a ɗaukar ko tsakuwa, ba a taɓa kifi, ba a zubar da komai a teku, ko ɓawon ayaba. Na ji, na sa hannu a takarda. Amma a kaina na ɗauka shara ake nufi. Ko sau ɗaya ban kawo cewa dokar ta shafi sadaka ba.

Kukun jirgin wani dattijo ne ɗan ƙasar, gajere, mai furfura a gashin baki. Turancinsa kaɗan ne, ni kuma ba na jin yarensu, amma mun saba tun ranar farko. Da ya gane ba na cin alade, sai ya ware mini tukunya da cokali nawa ni kaɗai ba tare da na roƙa ba. Na ba shi yajin da matata ta ƙulla mini ya ɗanɗana, ya yi ta atishawa yana dariya. Ya nuna mini hoton 'ya'yansa mata uku, ya ɗaga yatsu ya nuna mini shekara goma sha ɗaya yana aiki a jirgin.

Safiyar da za mu fara nutso na leƙa ruwa daga bayan jirgi, na ga inuwoyi dogaye suna kewaye a ƙarƙashinmu. Nan maganar Hajiya ta faɗo mini. Na duba jirgin kaf, kowa a ƙoshe yake, babu wanda zan miƙa wa nama bai ɗauke ni mahaukaci ba. Sai na tuna tsuntsayen baranda. Na shiga kicin na ce wa kuku ya ba ni kazar da zai dafa mini ranar tun tana ɗanya, ina so in shafa mata yaji da kaina. Ya ba ni rabin kaza a faranti yana murmushi. Ana can ana karin kumallo na zagaya baya, na yi bisimilla, na jefa ta yanka-yanka a teku.

Ban taɓa ganin ruwa ya tafasa haka ba. Kifayen suka taso suna bugun juna, suna dukan ƙaramin kwalekwalen da ke ɗaure a gefe, wanda shi za mu shiga bayan 'yan mintuna. Wani ma'aikaci da ke shirya kaya a cikinsa ya faɗi zaune, saura ƙiris ya wuntsula ruwa. Ihu ya tashi. Ni kuwa na ajiye farantin na bi sahun masu kallo, ina tambayar me ya faru kamar kowa. Masu gadin tsibirin sun hango hayaniyar daga nesa, suka iso da jirginsu, suka tsamo fatar kaza tana yawo a kan ruwa.

Daga nan komai ya dagule mini. Aka hana nutso ranar. Masu gadi suka ce ciyar da kifayen yana koya musu bin jirage da mutane, kuma laifi ne da zai iya sa a ƙwace wa jirgin izinin zuwa wurin, sai dai in an fito da wanda ya aikata. Kaza kuwa daga kicin kaɗai take fitowa. Aka kira kuku gaban kyaftin, mu fasinjoji muna zaune muna ji. Aka tambaye shi yadda nama ya fita daga hannunsa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya yi wata gajeriyar magana da yarensu. Aka fassara mana cewa ya ce kuskurensa ne.

Na so in miƙe, wallahi na so. Amma na ci gaba da zamana. Ina tunanin tarar da za a ci ni, ina tunanin a riƙe ni a ƙasar da ban san kowa ba alhali ga jariri a gida, ina tunanin yadda zan yi wa Turawa goma sha shida da muke tafiya tare bayanin cewa uwata ce ta sa ni ciyar da kifi. Na ce wa kaina faɗa kawai za a yi masa ya wuce. Washegari aka ci gaba da nutso, na shiga sau da yawa, na ga kifaye masu kai kamar guduma suna wucewa a samana garke-garke. Abin da na tsallaka duniya don in gani ke nan, amma ban ji komai ba.

Ranar da za mu sauka na ji cewa wannan ce tafiyar kuku ta ƙarshe, an sallame shi. Da rana ya kawo mini abinci da kansa kamar kullum, rabin kaza gasasshiya, ya barbaɗe ta da yajina. Ya ajiye a gabana, ya haɗa ɗan Turancinsa ya ce wannan karon in ci. Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi komai ruɗa ni. Har yau ban sani ba ko yafiya ce ko zagi.

Da na dawo Hajiya ta shafa ni tun daga kai har ƙafa, ta tambaya ko na yi sadakar. Na ce na yi. Ta yi hamdala, ta buga wa ƙannenta waya tana ba su labarin yadda kaza ta tsare mata ɗa daga bakin kifi. Ban iya gyara mata ba. Sai bayan wata takwas na rubuta wa kamfanin jirgin gaskiyar abin da ya faru. Suka amsa cewa sun gode, maganar ta riga ta wuce, kuma ba su san inda mutumin ya koma ba. A ƙasan wasiƙar suka liƙa mini jadawalin tafiye-tafiyen baɗi.

Na daɗe ina juya abin. Niyyata alheri ce, umarnin uwa na bi, kuma na dawo lafiya. Amma naman da na bayar abincin 'yan mata uku ne waɗanda hotonsu kawai na gani. Na fahimci cewa jefa kazar wauta ce, ana iya yafe wauta; shirun da na yi a gaban kyaftin shi ne laifin. Don haka ina jan kunnen duk wanda zai je inda ba nasa ba: in an ce kada a yi abu, to kada ka yi, ko da ka ga naka na Allah ne, ka tambaya tukuna. In kuma ka riga ka yi, ka buɗe baki tun mutumin da za a hukunta yana tsaye a gabanka. Ni na buɗe nawa bayan wata takwas, kuma babu wanda ya rage da zai ji.