Zaƙamin da Na Rubuta Babu Shi

Kafin a kama ni, ba kowa ya san muryata ba a unguwarmu a Gusau. Kullum da littafi a hammata, in an gaishe ni sai in amsa ina kallon ƙasa. Kimiyyar sinadarai nake karantawa, a shekarar ƙarshe aka tura ni koyon aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa.

Aikina auna garin shayi da na magani da 'yan kasuwa ke kawowa, don a san ko akwai abin bugarwa a ciki. Sai in jiƙa garin a ruwan sinadari, in tace, in ɗiga a kan ɗan faranti kusa da ɗigon abin da ake nema. In tabo biyun suka hau suka tsaya wuri ɗaya, to yana ciki, na'ura kuma ta faɗi yawansa. Ban taɓa kuskure ba, har maigidana ya koma sa hannu a takarduna ba ya dubawa.

Wata rana wani Alhaji daga Tsafe, mai sayar wa masu shayin tasha gari, ya kawo nasa. Na auna, sai ga zaƙami, wannan tsiron mai juya hankali.

"Malam ƙarami, mi ka gani?" in ji shi.

"Ɗan kaɗan ne, Alhaji."

"To kaɗan har a ɓata masa takarda? Rubuta babu, ɗana."

Ya haife ni, na kasa musa masa. Na rubuta babu. Washegari ya aiko mini ƙaton littafin da na daɗe ina sha'awa. Daga nan fanka, daga nan waya. Zaƙamin na ƙaruwa a garinsa, ni ina rubuta babu.

Sai wani direba ya sha kofi biyu na shayin garin Alhaji. Da ya iso Kwatarkwashi ya tsayar da mota cike da fasinja, ya cire takalmi, ya kama hawa dutse, wai ana kiransa ɗaurin aure a sama. Allah ya kiyaye, tsayawa ya yi, bai kifar da motar ba.

Jami'ai suka auna garin a nasu wurin, suka zo mana. Maigidana ya ce ƙila na'ura ce ta lalace, har sun fara yarda. Da ɗayansu ya karanta sakamakonsu, sai na ji lissafinsu bai kai ba.

Na ce, "Yallaɓai, ya fi haka. Ba ku jiƙa shi ya daɗe ba."

Ya dube ni. "Kai da ka rubuta babu, ina ka san ya fi haka?"

Shekara biyu na yi a gidan yari. Da na fito na roƙi gafarar maigidana, na nemi direban a Bunguɗu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yafe, amma har yau yaran tasha Ango suke ce masa. Sannan ya daina dariya, ya ce, "Ranar nan da mai ciki a motata."

Na tuba, kuma na koma karatu. Ƙannena, ba rashin kunya ce ta kai ni kurkuku ba, kunyar ce da kanta. In babba ya ce ku rubuta abin da ba ku gani ba, ku durƙusa, ku gaishe shi da kyau, ku ce, "Alhaji, ba zan iya ba." Muryarku za ta yi rawa. Ku bar ta ta yi, ku dai faɗa.