Yawun Kalawati a Kwalbar Jagrup

Jagrup mai busa bigila ya taɓa rantsuwa a gaban 'yan unguwa cewa shi da tauna pan, ganyen nan da ake naɗewa da taba mai rina yawu ja, har abada. Ya dafa ƙirji ya rantse, ya nuna wajen kogin Ganga ya ƙara rantsewa. Matarsa Kalawati ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko bigilar, ta kife ta. Jan ruwa ya tsiyayo a kan farin takalminsa.

"To, baban Rinki, ashe bigilar ce ke taunawa a bayan idonka?"

"Tsatsa ce," in ji shi.

"Tsatsa mai ƙamshin taba? Kai ta kasuwa mana, ai za a saya."

Sati guda bai bi ta bakin famfo ba saboda dariyar mata.

Shekara talatin yana busa a bukukuwan birnin Kanpur na Indiya, sanye da jar kwat mai igiyoyin zinariyar ƙarya, yana tafe gaban dokin ango. Waƙa uku ya iya, ta ukun ma da ƙyar. Amma da iskar kumatun nan ya ciyar da gida, ya aurar da 'yarsu Rinki, ya yi wa ɗaki rufi. In ya ajiye bigila sai ya cusa ƙunshin pan da taba a kunci, yana kwana da shi a baki.

A hankali bakin ya soma ƙin buɗuwa. A da yatsu huɗu ke shiga tsakanin haƙoransa, suka koma uku, suka koma biyu. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ga yadda maƙwabcinsu Ramautar ya dawo daga asibiti da rabin muƙamuƙi, yana rufe sauran da tawul. Wa zai ɗauki mabushin da ba shi da baki?

Sai ga ma'aikatan lafiya sun kafa rumfa a unguwa suna raba 'yan kwalabe. Wata likita mai gilashi ta ce idan naman baki ya fara lalacewa yakan zubar da wasu alamu a cikin yawu, wani lokaci tun ido bai gani ba. Ta ce gwajin sabo ne, ba ya yanke hukunci, yana dai nuna wanda ya kamata a duba da kyau. Kowa ya tofa yawun safe, kafin shayi, kafin taba.

Jagrup ya kai kwalbarsa gida kamar ya ɗauko kunama. Da safe ya miƙa wa matarsa.

"Maman Rinki, tofa min nan."

"Yau kuma? Yawun ma aro za ka yi?"

"Naki mai tsabta ne. Su rubuta lafiya lau, su ƙyale ni in gama kakar biki."

Ta kira shi matsoraci, ta kira shi ragon maza, ta tofa. Ita ai ba ta taɓa tauna pan ba. Gul kawai take goge haƙora da shi, garin tabar nan da uwarta da kakarta suka yi amfani da shi, sau biyar sau shida a yini. A wurin matan unguwar wannan ba taba ba ce, tsabta ce.

Bayan kwana goma sha biyu aka kira shi asibiti. Likitar ta ce alamun sun yi yawa ƙwarai. Ta haska bakinsa, ta lalluba, ta sake kallon takarda.

"Bakinka ya ƙage, kuma in ba ka bar taba ba zai kai ka inda kake tsoro. Amma ban ga gyambon da nake nema ba. Babu inda ke maka ciwo?"

Jagrup ya tuna Kalawati ta daina sa barkono a miyarta. Ya tuna ta koma tauna gurasa da gefe ɗaya. Wata nawa ke nan? Shi yana can yana ƙirga yatsunsa.

"Likita," ya ce, "yawun ba nawa ba ne."

Washegari ya jawo Kalawati asibiti kusan da ƙarfi. Can ciki, tsakanin kunci da dasashi, ga gyambo mai taurin gefe. Aka yanki ɗan nama aka gwada. Ciwon daji ne. Likitar ta ce bai sauka wuya ba tukuna, amma ba zai jira kowa ba: a yi aiki cikin makon nan.

Kalawati ta dawo gida ta zauna a kan gadon igiya ta ce ba inda za ta. Rinki ta yi kuka a waya har muryarta ta dishe. Jagrup ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya durƙusa ya kama ƙafafunta, abin da bai taɓa yi ba. Kwana uku suka wuce. Ya daina cin abinci, ya daina zuwa biki, ya daina tauna taba.

Rana ta huɗu ya tsayar da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida.

"Sallami mai keken," ta ce. "Takardar ai sunanka ke kanta, je su yanka ka."

"Maman Rinki, don Allah."

"Ka ga Ramautar? Haka kake so in koma, yara na gudu in na fito? Gara a kai gawata bakin kogi a ƙona da fuskata cikakkiya. Za su cire min rabin baki, baban Rinki. Rabi! Me zan yi da sauran?"

Ya ɗauko mayafinta ya ɗora mata a kafaɗa. Idanunsa sun yi ja.

"Ni za ki riƙa zagi da shi. Rabin bakinki ya ishe ni har in mutu. Shirunki ne ba zan iya ba. Tashi."

Ta laluba takalminta da ƙafa.