Kitsen da Ya Raba Aminai

A gidanmu na unguwar Treichville, da an idar da magariba kakata Hajiya Asabe za ta jawo murhun gawayi tsakar gida, ta ɗora kaskon aloko, wato soyayyar ayaba, mu jikoki mu kewaye ta kamar kaji. Faransanci ya fi mana sauƙi a baki, ita kuwa ta rantse wanda bai amsa tatsuniya da Hausa ba, ko yanka ɗaya ba zai ɗanɗana ba. Ni take kira angonta, kuma ni ta fi zagi.

Akwai tatsuniya guda wadda babu Gizo babu Ƙoƙi, kuma tun ina ƙarami ban yarda tatsuniya ce ba. In za ta yi ta, ba ta kallonmu, wuta take kallo.

"Ga ta nan, ku riƙe ta da kyau, santsi gare ta."

Wai wani mahauci ne mai tsohuwar a-kori-kura, da ita yake kai nama kasuwar Adjamé. Lungunsu ya cika ƙunci, don haka motar takan kwana a ƙofar gidan amininsa mai sayar da goro. Tare suka zo garin nan, kwano ɗaya suke ci, har makullin motar ɗaya mahaucin ya bar masa.

Wata safiya ya murɗa makulli, sai "wiiii!" Haka Kaka take yi da siririyar murya, mu yi ta dariya. Demare, wato abin da 'yan Najeriya ke ce wa kik, tana juyawa, inji ko gezau. Aka tura motar, ta tashi, ta yini lafiya lau. Washegari ma haka. Ya kunna fitilu, haske tar. Ya kankare kan batir, ya ɗaure wayoyi, a banza.

"Sai shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da shi," in ji Kaka. "Ya ce masa, wace irin cuta ce ba ta kama mota sai a ƙofar mutum ɗaya?"

Daga nan komai ya zama shaida. Ya ga amininsa ya zubar da ruwan alwala kusa da taya, ya ce to! Ya tsinci ganyen goro a ƙarƙashin mota, ya ce ka gani ko? Ranar wata Juma'a aka tashi da ruwa, babu masu turi, bai isa kasuwa ba sai da masu saye suka watse. Ana fitowa daga babban masallaci ya tare amininsa a gaban jama'a, ya ce, "Wane, ka ji tsoron Allah, ka cire abin da ka sa wa motata."

Mai goro ya sa hannu a aljihu. Ya zaro makulli ya miƙa masa. Kafin Juma'a ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Adjamé.

Mota ta sake wurin kwana, amma "wiiii" na nan. Sai a lokacin ya kai ta wurin wani tsohon makanike, Bajule ne a ƙabila, a wajen unguwar Indénié. Tsohon ya kasa kunne ya ce, "Tana juyawa, ba ta cizo." Ya ciro demaren, ya kai hanci, ya ce, "Kai, wa ya soya nama a nan?" Ashe akwai ɗan ƙarfe mai haƙora da ke zamewa gaba ya ciji haƙoran babban faifan inji, sannan inji ya juya. Kitse ya daskare a hanyarsa, ya kwashi ƙura. In inji ya yi zafi ya narke, in ya kwana ya sandare.

Nan take mahauci ya tuna. Makonni baya, da aka ciro demaren don wani ɗan gyara, shi da hannunsa ya lafta mata kitsen shanu a ɓoye, yadda yake shafa wa wuƙaƙensa, don bai yarda da man makanikai ba. Aka wanke da kananzir, murɗi ɗaya ta tashi.

"Kaka, ya je ya ba shi haƙuri?"

"Ya ce gobe." Sai ta juya aloko. "Ƙurunƙus, ku miƙo kwanoninku."

Ni dai ina lura. Kakanmu mahauci ne, ya rasu kafin a haife ni. Kuma kowace babbar salla Kaka takan naɗe cinyar rago ta tafi Adjamé ita kaɗai. Sau ɗaya na ce, "Mahaucin nan ba mijinki ba ne?" Ta ƙwala mini ludayi a ka. "Angon banza, ci alokonka!"

Ranar da ta rasu, wata tsohuwa da ban sani ba ta zo gaisuwa daga Adjamé. Ta kama hannuna ta ce, "Kowace shekara sai ta kawo naman nan a madadin mijinta. Maigidana mai goro yakan sa mata albarka, amma har ya koma ga Allah bai taɓa kai shi baki ba." Wallahi na yi kuka, kuma ba don Kaka kaɗai ba.

Bara ƙanina Bashir ya ari motata mako guda. Kwana biyu da dawo da ita, na murɗa makulli, sai "wiiii". Na ɗauko waya, maganar da zan gaya masa tana kan harshena, mai zafi ce kuwa. Sai na ji kamar ludayi a kaina. Na mayar da wayar aljihu, na sa aka ciro demaren. Datti ne na shekaru, tun kafin Bashir ya iya tuƙi.

Da yamma na kira shi na ce ya zo mu ci abinci. Ya ce, "Yaya, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, ka dai zo yau, kada ka ce gobe.