Biran Mai Gadin Buhunan Masoro

Biran yayan mijina ne, dogo kamar itacen kwakwa, kuma tunaninsa bai fi na itacen ba. Allah ya jiƙansa, ni dai ban fasa faɗa ba.

Shekara ashirin yana gadi a tashar jiragen ruwa, riƙe da mashi na shugaban tasha. Garinmu na gaɓar Malabar a Indiya ya yi suna da abu guda: in jirgi ya fashe, duk abin da teku ya tofo sai ya koma hannun mai shi. Shi ya sa fatake ke rububin zuwa. Mai gadi kuwa, in ya taka ƙafa ya bar kayan, ɓarawo ne a idon hukuma, sai bulala da kora. Dokar ta san buhu. Ban taɓa jin ta ambaci mutum ba.

Wata safiya a farkon damina jirgin da mijina Mammu ke aiki a ciki ya daki dutse, muna gani daga gaɓa. Buhunan masoro suka riga mutane isowa, aka tsayar da Biran a kansu. Can sai ga Mammu rungume da katako, igiyar ruwa na kawo shi tana mayarwa. Duk gaɓar ba wanda ya kai Biran iyo.

Na ce, "Yaya, ƙaninka ne fa!"

"Bari a kawo wanda zai canje ni, Kadiya."

"Masoron ne zai gudu? Ƙafa gare shi?"

"In na matsa, sunana ɓarawo."

"To tsaya, sarkin amana! Tsaya ka yi saiwa!"

Ya tsaya. Kafin mai canjin ya iso, katakon ya iso shi kaɗai.

Ko buhu ɗaya bai ɓata ba. Shugaban tasha ya yafa wa Biran farin mayafi a gaban fatake, ana ta sa albarka. Da la'asar ya kawo mini mayafin, kansa a ƙasa, wai a yi wa Mammu likkafani. Teku bai dawo da gawar ba. Ai ba buhu ba ce.

Daga ranar bai sake cin abinci mai masoro ba. Ni kuwa duk kifin da na aika masa sai na barbaɗa.

Bara ya rasu, aka rasa likkafani. Na buɗe akwatina na miƙa musu mayafin, ko zare bai zare ba.

Na ce, "Ga shi. A garin nan kaya na komawa hannun mai shi."