Barden da Ya Hana a Bi Sawu

Kullum in an idar da sallar asuba, Barde Maikano yakan ɗauki sandarsa ya bi gindin ganuwar Birnin Kudu, yana shafa ta da tafin hannu. Inda ruwa ya zaizaye sai ya tsaya ya cusa ƙasa. Ba aikinsa ba ne yanzu, tun bara aka naɗa wani ya ja dakaru. Masu fita gona sukan wuce shi kamar sun wuce kututture, ba mai ce masa sannu.

Kowa ya san dalili. Shekarar da mahara suka sauko daga duwatsu suka kwashe mata a bakin rafi, mazan gari duka suka ɗaura sirdi. Barde ya je ya dubi sawun, ya ga an bar shi a fili, ko yaro zai iya bi. Ya dawo ya gitta dokinsa a ƙofar gari.

Haladu maƙeri, wanda aka tafi da matarsa, ya ce, "Barde, kauce. In tsoro kake ji, miƙo rawanin ka je ka kama daka."

"Tarko ne, Haladu. Suna kwance a kwazazzabo suna jiranmu."

"To 'yarka fa? Har da Dada aka tafi."

"Na sani," in ji Barde. "Ba mai fita."

A ranar mutanen wani ƙauye ta wajen Gwaram suka bi sawun, dawakansu kaɗai suka dawo. Duk da haka ba wanda ya wanke Barde, don matan ma ba su dawo ba. Makaɗa suka daina ambatonsa. Matarsa Azumi har yau takan ajiye masa tuwo ta juya, ba ta ce ga shi ba.

Ban sani ba ko ya dace yarinya ta sa baki a zancen maza, amma na tambayi Baba Haladu ko Barde ya yi daidai a ranar. Ya daɗe yana zuga wuta kafin ya ce, "Da mun fita, da ba ki same ni kin tambaya ba. Kar ki ce ni na faɗa." Ya yi haƙuri, na faɗa.

Baba Barde, kai ne ka sha mashi a fagen daga sau da yawa, amma yaƙin da ka ƙi yi shi ya fi cin ranka. Ka bar taka ta tafi don 'ya'yan wasu su tashi da ubanni. Mun gode. Allah ya haɗa ka da Dada, ko a nan ko a can.

Ku masu jan dakaru yau, ku koyi tsayuwa irin tasa ko ana zaginku. Mu kuma, tsohon nan ƙarfi ya ƙare, ba lalle ya ga kaka ba. In kun gan shi gobe ku tsaya ku ce, "Barde, ina kwana." Ku maimaita. Da farko zai ɗauka da wani kuke.